Yaron da Sanƙarau Ya Bari da Rai, Wa Ke Jiransa a Aji?

Daga ƙarshen 2022 zuwa bazarar 2023 sanƙarau ya sauka a arewacin Jigawa da ƙarfinsa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilun 2023 ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zaton sun kamu a duk Najeriya 'yan Jigawa ne, kuma Maigatari da Sule Tankarkar ne a kan gaba. A tsallaken iyaka ma, Damagaram tana fama da nata. An kai magani, an yi riga-kafi, har a watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, Jigawa tana cikin jihohin da aka fara da su. Ma'aikatan lafiya sun yi abin a yaba musu.

Sai dai lissafin da ake karantawa a rediyo iri biyu ne, na waɗanda suka rasu da na waɗanda aka sallama. Akwai rukuni na uku da ke ɓuya a cikin na biyu. Ita dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya yakan fita da larurar da za ta zauna masa, kuma toshewar ji tana cikin waɗanda aka fi gani.

A ɗauki yarinya 'yar shekara bakwai, tana aji biyu a wani ƙauye na Sule Tankarkar. Ta kwanta da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, Allah ya yi da sauran kwana, ta dawo gida. Uwarta ta kira ta daga madafa, shiru. Da fari a ce jinya ce ba ta sake ta ba, daga baya a ce taurin kai ta koyo. Yarinyar nan ba bebiya aka haife ta ba. Tana da Hausarta cikakkiya a baki, ta san baƙaƙe, ta hardace wasu surori. Idan ta haɗu da malamin da ya san abin yi, zai zaunar da ita a gaba inda haske ke faɗa wa fuskarsa, ya daina magana yana fuskantar allo, ya matsa mata da karatu da rubutu tun maganar tana sabuwa a ƙwaƙwalwarta, ya sa ta ci gaba da furta kalmomi ko da ba ta jin kanta. Idan ba ta haɗu da shi ba, wata da watanni maganar za ta fara lanƙwashewa, yara su yi mata dariya, ta kama bakinta, daga nan a ɗora mata farantin talla. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗanyantakar irin wannan yaro kuwa ba ta daɗewa.

To wane ne wannan malamin, kuma wa ya koya masa? A nan ne maganar ta baro asibiti ta shigo Kwalejin Ilimi ta Gumel.

Jihar tana da makarantar kurame a Hadejia da ta makafi a Dutse, kuma samuwarsu alheri ce. Amma duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san iyaye nawa ne za su ɗauki 'ya mace ƙarama, wadda ba ta ji, su kai ta kwana a wani gari su juyo. Ko da kowa ya yarda, makarantu biyu ba za su ɗauke yaran ƙananan hukumomi 27 ba. Saboda haka mafi yawan yara masu larura, in har sun shiga makaranta, firamaren garinsu suke shiga, su zauna a gaban malami mai shaidar NCE wanda ke fama da aji cike maƙil. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗun da suka haɗa masarautar, da wuya ka shiga ofishin hedimasta ba ka tarar da wanda ya yi karatu a wannan kwaleji ba. Tun shekarun 1970 take yaye malamai, lokacin Gumel tana cikin tsohuwar Jihar Kano, tun kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Abin da lakcara ya faɗa a zauren Gumel, shi ne ake maimaitawa a ƙarƙashin darbejiyar makarantar ƙauye shekara talatin masu zuwa. Abin da ya tsallake kuma, haka zai zauna a tsallake.

Shi ya sa nake ganin mutumin da ya zaɓi ilimin masu buƙata ta musamman ya zama fagen karatunsa da aikinsa, har ya zama malamin malamai, ya fi kowa nauyi a wannan sarƙa, duk da cewa shi ne aka fi mantawa da shi.

Fagen ba tsoho ba ne a Najeriya. 'Yan mishan ne suka fara buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Andrew Foster, baƙar fatan Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya zo ya buɗe ta Ibadan a 1960. Gwamnati ba ta shigo da gaske ba sai zamanin shirin UPE na 1976, da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa sai ga yaran da ba a yi tanadi dominsu ba suna shigowa. A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ware wa lamarin babi guda, a shekarar kuma aka kafa kwalejin tarayya ta musamman a garin Oyo domin horar da malamansu. A Kano makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki ta taso a wannan zamanin. Jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero suka buɗe sassan karatun. Daga baya duniya ta sauya ra'ayi: taron Salamanka na ƙasar Sifaniya a 1994 ya ce a daina ware yara, a gyara makarantar kowa ta karɓi kowa. Najeriya ta bi, har dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin karatu kyauta zuwa ƙarshen sakandare.

Ina goyon bayan haɗa yara a aji ɗaya, amma ina da tsoro guda. Haɗawa ba tare da horar da malami ba, sunanta jefarwa. An ɗauki nauyin da ƙwararre ke ɗauka an aza wa wanda bai taɓa ganin rubutun makafi da idonsa ba, aka ce masa ai manufa ce. Abin da mai NCE na gama-gari yake samu a wannan fanni cikin shekara uku ɗan gabatarwa ne, sau da yawa ma'anoni da rabe-raben nakasa da za a hardace a zuba a takardar jarrabawa. Ba laifinsa ba ne in ya fito bai iya komai ba.

Yanzu a dubi hanyar wanda ya ce shi wannan fanni zai bi. Saurayi ko budurwa daga Gagarawa, a ce. Zai yi NCE, ko ya tafi Oyo inda ake haɗa wa ɗalibi fannin larura guda da darasin da zai koyar, ko ya wuce Bayero ya yi digiri. Zai zaɓi ɓangare: kurame, makafi, masu jinkirin fahimta, masu wahalar karatu, ko masu hazaƙa ta daban, don su ma suna cikin fagen, kamar yadda makarantar haziƙai ta Bamaina ke tuna mana. In kwaleji ta ɗauke shi, zai fara daga ƙaramin lakcara, ya bi matakai har babban lakcara na ƙoli, in jami'a ce har farfesa. Zai nemi digiri na biyu da na uku, watakila da tallafin asusun TETFund. Hanya ce mai tsawo, amma ana bin ta a kai. Marigayi Farfesa Jibril Isa Diso na Sashen Ilimi na Musamman a Jami'ar Bayero makaho ne, ya bi ta har ya kai kujerar farfesa, kuma duk ɗalibin da ya zauna a gabansa ya samu darasin da babu shi a manhaja tun kafin a buɗe littafi.

Matsalar tana cikin abin da tsanin yake aunawa. Ƙarin girma yana zuwa ne ta yawan maƙalun da aka buga a mujallun ilimi da tarukan da aka halarta. Bincike wajibi ne, ba na raina shi. Amma lakcaran da ya kwashe Asabar ashirin yana zuwa Maigatari yana koya wa malaman firamare maganar hannu, ranar tantancewa ba shi da takardar da zai ajiye a kan tebur. Abokinsa da ya raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari a cikin kwaleji, ya tambaye su ra'ayinsu a kan masu nakasa, ya rubuta da Turanci ya biya aka buga, shi yana da ita. Ɗan Adam kuwa inda ake saka masa nan yake fuskanta. Da haka sai a tara ƙwararrun da suka san sunan kowane masani na Turai da Amurka a fannin, amma in ka haɗa su da kurma a bakin kasuwar Alhamis ta Maigatari ba za su iya tambayarsa sunan garinsu ba. Wasu kuma da suka ƙware da gaske, ƙungiyoyin agaji sukan janye su da albashin da gwamnatin jiha ba za ta iya biya ba. Ba na ganin laifin mai iyali da ya tafi. Ina dai jin zafin gurbin da ya bari.

Batun yare shi ne ya fi damuna, kuma shi ne inda masanin Gumel zai iya yin abin da na Oyo ko Ibadan ba zai iya ba. Kuramen ƙasar Hausa ba su zauna jiran Bature ya kawo musu harshe ba. Suna da nasu, maganar hannu, wadda wasu ke ce wa maganar bebaye, ana gadonta daga manya zuwa yara a majalisu da kasuwanni da tashoshin mota. Masaniyar harshe Constanze Schmaling, Bajamushiya, ta zauna da kuramen Kano ta nazarce ta, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000, ta nuna harshe ne mai ƙa'idojinsa. Abin da ake koyarwa a makarantu kuwa ya samo asali ne daga alamun Amurka da Foster ya shigo da su, kuma an ɗaure shi da Turanci. Sai yaro kurma ya faɗa tsakani: a gida ana yi masa nuni irin na Hausa, a makaranta ana sarrafa masa yatsu da haruffan kalmar Turanci da bai taɓa ji ba, bai kuma san abin da take nufi ba. In ya dawo hutu, shi da mahaifiyarsa sun zama kamar baƙi.

Ba cewa nake a yar da na makaranta ba. Da shi kurman Jigawa zai yi magana da na Legas, da shi ake fassara labarai a talbijin, da shi zai shiga jami'a. Amma yaro mai ji ma da Hausa yake fara fahimtar duniya kafin a ɗora masa Turanci. Me zai hana a yi wa kurma haka? Wa ya tattara alamun da kuramen Gumel da Maigatari ke yi wa gero da riɗi da raƙumi da Sallah da sunayen garuruwa? Shin iri ɗaya ne da na Kano, ko sun fi kusa da na Dungas da Magarya da ke tsallaken iyaka, tunda kasuwa ɗaya ake ci? Ga digiri na uku a kwance a ƙofar gida, ba ya buƙatar komai sai waya mai ɗaukar hoto da haƙurin zama da mutane. Kuma duk abin da aka tattara, gobe za a iya koya wa ɗaliban kwaleji shi.

Haka abin yake a ɓangaren makafi. Rubutun da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa. Da ɗan allo mai ramuka da tsinke ake yin sa, a huda takarda daga dama zuwa hagu, a juya ta a shafa daga hagu zuwa dama. Ɗalibin da ya taso da allo da tawada ba zai ga baƙon abu a nan ba, kuma cikin 'yan makonni zai iya riƙe baƙaƙen. Akwai Alƙur'ani cikakke da wannan rubutu. Al'ummar da makafinta suka shahara da hadda, wadda ta san labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum da dalilin saukar Suratu Abasa, ta san kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannun wannan makaho, ba ta buƙatar a zo daga Salamanka a gaya mata makaho yana da haƙƙin ilimi. Tunatarwa take buƙata daga bakin wanda ya iya magana da limami da mai unguwa da yaren da suke ji.

Sannan yawancin larurorin da malami zai tarar a aji ba su kai makanta ko kurumta ba, kuma su ne suka fi sauƙin taimako. Zabiya da ke runtse ido a bayan aji, abin da yake so a matso da shi gaba, a yi masa rubutu manya, a bar shi da hularsa, a daina tsayar da shi a rana. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa tun yana goye yana ji rabi-rabi, ana dukansa a kan rashin kula. Mai farfaɗiya, yara suna gudunsa don an ce musu ana ɗauka, alhali ba a ɗauka, kuma abin da ake so in ta tashi a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa komai a baki. Mai in'ina da ake tilasta wa karatu a gaban aji ana dariya. Mai amosanin jini da ke fashi duk lokacin sanyi. Gurgun da shan-inna ta bari, wanda ba darasi ne ya gagare shi ba, matakalar aji da bakin masai ne. Sai kuma wanda muka yi wa suna daƙiƙi, mai kaifin baki da lissafin kasuwa, amma baƙaƙe suna rikice masa a ido, larurar da masana suka daɗe da sani kuma akwai hanyoyin koyar da mai ita. Ko ɗaya cikin waɗannan ba ya buƙatar na'ura daga waje. Malami yake buƙata wanda aka taɓa nuna wa abin, ya gani da idonsa.

Gani ɗin nan shi ne abin da nake so a riƙe. Kowane ɗalibin NCE yana fita koyarwar gwaji, wadda suke ce wa TP, lakcarori suna bin su da takardar maki. A cikin takardar ana duba tsarin darasi da rubutun allo da tsafta da riƙe aji. Da za a ƙara tambaya guda, a ba ta maki mai nauyi, a ce wa ɗalibi: nuna min yaron da ya fi shan wahala a ajin nan, me ka gano yana damunsa, me ka sauya dominsa, da an ga canji cikin zango ɗaya. Ɗalibi duk abin da ake ba wa maki shi yake koya, kamar dai malaminsa. Shirye-shiryen da Birtaniya ta tallafa wa a Jigawa, irin su ESSPIN da TDP, sun nuna ana iya sauya yadda malami ke tsayawa a aji idan aka bi shi har makarantarsa maimakon a tara shi a otal. Shiri dai yana da wa'adi, kwaleji kuwa tana nan.

Akwai kuma malaman da ba a gayyata. Ƙasar Hausa ta daɗe da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Bebaye, kuma waɗannan mutane sun san gidan da aka ɓoye yaro a ɗaki fiye da kowane jami'in ƙidaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kurma babba da ya iya harshensa ya fi lakcara mai ji iya koyar da maganar hannu, ko da ba shi da takardar sakandare. Ya kamata a samo hanyar da za a shigo da shi aji a biya shi, a kira shi malam, ɗalibai su tashi tsaye in ya shigo. Dokar 2019 ta ce a ware wa masu nakasa aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Babu inda wannan kaso zai yi amfani kamar a cikin ɗakin malaman kwalejin ilimi.

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne ana buƙatarsu, kuma akwai wasu. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar tarayya domin ilimin tushe, a tsarin rabon da aka daɗe ana bi kuma akwai ɗan kaso na yara masu larura. Jigawa ma ba baƙuwa ba ce a wannan sha'ani, don tun 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu nakasa naira 7,000 a wata domin rage bara. Wannan ya share wa mutane da yawa hawaye. Amma alawus yana riskar mutum ne bayan ya girma ba sana'a ba karatu. Kuɗin da aka kashe wajen horar da malami guda yana riskar yaro tun bai kai ga riƙe ƙoƙo ba. Abin da aka fi so a saya kuwa shi ne abin da ake iya ɗauka a hoto: keken guragu, na'urar buga rubutun makafi, gini mai fenti. Na'urar da babu wanda ya iya aiki da ita a sito take tsufa.

In na koma kan yarinyar Sule Tankarkar, abin da take buƙata na farko bai fi takarda guda ba. Ranar da aka sallame ta, sunanta da na ƙauyensu suna cikin rajistar asibiti. Da za a gwada jin kowane yaron da ya tashi daga sanƙarau kafin ya tafi gida, a sake gwadawa bayan 'yan makonni, a miƙa sunayen waɗanda abin ya taɓa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da izinin iyayensu, shi kuma ya sanar da kwaleji, da lakcaran fannin ya san makarantun da zai fara turawa ɗalibansa na TP, ya san kuma hedimastocin da zai kira horo a hutun da ke tafe. Yaran da suka kwanta a bazarar 2023 suna aji biyu, yanzu sun doshi ƙarshen firamare, waɗanda suka ci gaba da zuwa ke nan. Sauran suna gida, kuma masu unguwanninsu sun san ƙofar kowanne.